Wasan Jai-Alai a Amurka: Caca Ta Raine Shi, Caca Ta Juya Masa Baya

Ran 27 ga Disamba, 1975, mutum 15,502 suka yi cincirindo a zauren wasan jai-alai na birnin Miami, a Jihar Fulorida ta Amurka. Shekara arba'in bayan haka, a wannan zaure ɗin, 'yan wasa kan yi gumi gaban kujerun da kusan babu kowa a kansu. Shin me ya kawo wannan faɗuwa, kuma ina aka dosa?

Asalin wasan daga ƙasar Bask yake, wato yankin da ya ratsa iyakar Sifen da Faransa, ma'anar sunan kuwa a harshensu ita ce biki mai daɗi. Ana yin sa a dogon fili mai bango uku. Ɗan wasa yakan ɗaura wani lanƙwasasshen kwando a hannun dama, ya cafke ƙwallo mai tauri wadda aka lulluɓe da fatar akuya, ya maka ta a bangon gaba, abokin karawarsa kuma ya cafke ya mayar. A 1979 an auna jifan José Ramón Areitio, aka tarar ƙwallon tana gudun kilomita 302 a awa ɗaya.

Zauren Miami an buɗe shi a 1926, a tsakiyar shekarun 1930 kuma hukumar Fulorida ta halatta yin caca a kan wasan. Tsarin shi ne a tara kuɗin masu caca wuri ɗaya, masu zaure su cire kasonsu, gwamnati ta ɗebi haraji, saura a raba wa waɗanda suka ci. A wancan zamani mai neman caca bisa doka ba shi da wurin zuwa sai filin sukuwa, ko tseren karnuka, ko zauren jai-alai. Saboda haka kasuwa ta buɗe, har aka gina zauruka a jihohin Connecticut da Rhode Island a shekarun 1970.

Amma Hausawa sun ce kwana nesa, in ji mai gona a bakin hanya. A 1988 masifa biyu suka haɗu. Gwamnatin Fulorida ta fara sayar da tikitin caca tata ta kanta a kantuna, 'yan wasa kuma suka shiga yajin aiki wanda bai ƙare ba sai 1991. Kafin su komo, jama'a sun watse. A 1992 aka buɗe katafaren gidan caca na Foxwoods a Connecticut. Zaurukan Hartford da Bridgeport suka daina wasan a 1995, na Tampa a 1998, na Milford a 2001, na Newport a 2003. Nan aka gane cewa yawancin masu cika kujerun nan ba son wasa ya kawo su ba, son kuɗi ne.

Abin mamaki, doka ce ta hana wasan mutuwa murus. A 2004 masu jefa ƙuri'a na Fulorida suka yarda a ba gundumomin Broward da Miami-Dade damar sa injinan caca a irin waɗannan wurare. Sharaɗin riƙe lasin kuwa shi ne a ci gaba da gudanar da wasan. Sai masu zauruka suka riƙa biyan 'yan wasa ko da babu mai kallo, domin riba tana wajen injuna da teburan karta. Wasa ya zama kamar takardar izni kawai.

A 2021 majalisar jihar ta kwance wannan ƙulli, ta ce mai zaure yana iya riƙe injunansa ba tare da wasa ba. Kafin shekarar ta ƙare, zauren Dania, wanda ke aiki tun 1953, ya dakatar da wasansa na yau da kullum, ko da yake daga baya ya dawo da gajeriyar gasa ta lokacin hunturu.

To, ina sauran fata? Gidan Magic City na Miami, wanda dā filin tseren karnuka ne, ya gwada wata dabara a 2018. Ya gina gajeren fili mai bangon gilashi domin a ji daɗin ɗaukar hoto, ya horar da matasan Amurka waɗanda suka yi wasanni a jami'a, a 2022 kuma aka kafa gasar ƙungiyoyi ana watsa ta ta intanet. Masu wannan shiri sun dogara ga hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018, wanda ya sakar wa jihohi mara su halatta caca kan wasanni, har mutum na iya yi ta wayarsa. Sai dai a waya jai-alai yana gogayya da ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando, waɗanda suka fi shi magoya baya nesa ba kusa ba.

Da wuya manyan zaurukan dā su sāke cika. Alamu sun nuna ƙananan filaye da gajerun gasa su ne za su saura. A can gida kuwa, a garuruwa irin su Gernika da Markina, yara na koyon riƙe kwando, jama'a na biya su shiga kallo don ƙaunar wasan kakanninsu. Muddin jai-alai bai sami irin waɗannan masoya a Amurka ba, zai zauna ɗan haya a gidan caca, ran da mai gida ya ga dama ya ba shi sallama.