Kwamfuta Ba Ta San Suna Ba, Lamba Ta Sani

A sashenmu mun saba jin malamai suna cewa babu wata dangantaka ta dole tsakanin kalma da abin da take nufi, wato al'umma ce kawai ta amince a kira doki doki. Ban taɓa zaton zan ga wannan darasi a aikace ba, sai a ƙarshen zangon karatun da ya wuce, a ɗan ofishin buga takardu da ƙanwar mahaifiyata ta buɗe a gidanta da ke Farin Gada, nan cikin garin Jos.

Kwamfutoci uku ne a ofishin, da firinta ɗaya da aka jona wa babbar cikinsu, wadda aka raɗa wa suna OFIS. Sauran biyun ta hanyar rauta suke aika mata aiki. Ranar wata Alhamis aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, komai ya kunnu, amma ƙananan kwamfutocin suka ce ba su ga OFIS ba. Ga ɗalibai huɗu a zaune da kundayen bincikensu, kuma washegari za a rufe karɓa. Anti ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ne ɗan jami'a, duba mana." Na ce, "Anti, ai Hausa nake karantawa." Ta ce to da Hausar za ta yi mini godiya. Dole na kira wani abokina ɗan sashen kimiyyar kwamfuta, ya riƙa yi mini jagora ta waya.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, kwamfuta ba ta kiran 'yar'uwarta da suna. Kowace na'ura da ta hau rauta ana ba ta lamba mai kashi huɗu, kamar 192.168.0.103, wadda ake kira adireshin IP. Suna kuwa saboda mu mutane aka yi shi, domin mun fi riƙe kalma a kan lamba. Ke nan duk lokacin da aka nemi OFIS, sai an fassara sunan zuwa lamba kafin saƙo ya tashi. Sau da yawa fassarar ce ke karyewa, a ɗora wa waya ko firinta laifin da ba nasu ba.

Wannan matsala ta girmi yawancinmu. A shekarun 1970, lokacin da intanet ke jaririya a Amurka, fayil guda ɗaya ne mai suna HOSTS.TXT yake ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta. Wata cibiyar bincike ce a Kalifoniya take kula da shi, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, kowa ya kwafa daga wurinsu. Da kwamfutoci suka yawaita, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983, wanda ya rarraba aikin ga na'urori masu yawa. Amma ba a binne tsohon fayil ɗin ba. Har yau ƙaninsa yana nan cikin kowace Windows, da suna hosts.

Idan aka ba Windows suna, da farko takan duba wannan fayil da abin da ta riga ta haddace, kamar mutum ya duba ɗan littafinsa na aljihu. In ba ta samu ba, sai ta tambayi DNS, wanda a ƙaramin ofis yawanci rautar ce, tamkar an je wurin mai unguwa. In shi ma bai sani ba, sai ta yi shela ga dukkan na'urorin gidan: wane ne OFIS? Abin lura a nan shi ne, in ta sami amsa a littafin aljihu, ba ta ƙara tambayar kowa, ko da amsar ta tsufa.

Abokina ya ce kada in taɓa firinta, in fara raba matsalar hanya da matsalar suna. Na buɗe baƙin allon nan na cmd a kan OFIS, na rubuta ipconfig, ta nuna 192.168.0.101. Ya ce madalla, don da lambar ta fara da 169.254, to rautar ce ba ta ba ta lamba ba, kuma wannan ba zancen suna ba ne. Na koma ƙaramar kwamfuta na rubuta ping 192.168.0.101, aka amsa sau huɗu. Hanya lafiya lau ke nan. Da na rubuta ping OFIS kuwa, sai na ga tana ƙwanƙwasa ƙofar 192.168.0.103, shiru babu amsa. Suna ɗaya, lamba biyu.

Ashe mai gyaran da ya haɗa musu kayan tun farko, don ya huta, ya rubuta OFIS da lambarta ta wancan lokaci a cikin fayil ɗin hosts na ƙananan kwamfutocin. Ita kuwa rauta aro take ba da lamba, ba kyauta ba. Da wuta ta dawo, ta sake rabo, OFIS ta sami sabuwa, littafin aljihu yana nan da tsohuwa. Bahaushe ya ce suna linzami ne, to ranar nan linzamin yana bakin wani dokin daban. A ganina mai gyaran bai yi ha'inci ba, rabin aiki ya yi: wanda ya rubuta lamba da hannu, wajibi ne ya tabbatar ba za ta canza ba.

Na buɗe fayil ɗin da Notepad da izinin mai kula da kwamfuta (yana cikin C:\Windows\System32\drivers\etc), na goge layin, na rubuta ipconfig /flushdns don ta manta abin da ta haddace. Nan take firinta ta kama jan takarda. Daga baya muka shiga shafin rautar, muka keɓe wa OFIS lamba ɗaya tak.

Wani abu ya ɗan sosa mini rai a matsayina na ɗalibin harshe. Da Anti ta ce a sake wa kwamfutocin suna na Hausa, na so in sa wa babbar Ɗakin-Buga. Abokina ya hana. Ƙa'idar sunayen na'urori tun shekarun 1980 ba ta amince da komai ba sai baƙaƙen Ingilishi 26, da lambobi, da karan ɗori. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle 'y. Ga kuma tsohon tsarin shela na Windows, wato NetBIOS, da ba ya ɗaukar fiye da harafi 15. An buɗe wa sunayen shafukan intanet ƙofar wasu baƙaƙe tun 2003, amma a ɓoye ana juya su ne zuwa wani rubutu mai farawa da xn--. Ni da na sha jan biro a aji ɗaya saboda rubuta ƙasa babu lanƙwasa, yau ga na'ura tana tilasta mini kuskuren. Muka zaɓi sunayen da ba su da ƙugiya: Uwargida, Amarya da Auta.