Gawar Jirgin Ruwa A Bakin Tekun Oregon

Jama'ar zango masu shirin kai iyali hutu yammacin Amurka, ga wani wuri da muke so ku sani. A jihar Oregon, kusa da inda kogin Kolombiya ya faɗa teku, akwai gawar wani jirgin ruwa na Ingila, sunansa Peter Iredale. Ran 25 ga Oktoba 1906 iska ta jefa shi bisa rairayi, yana kan hanya daga Meziko zuwa Portland. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu. Yau ƙarafan goshinsa ne suka rage tsaye, duk tsatsa, sai ka ce haƙarƙarin raƙumi.

Masu ɗaukar hoto sukan jira ruwa ya janye, domin a lokacin ne ake takawa har gindinsa. Mu dai a ganinmu hoton yamma ya fi kyau, sa'ad da rana ke faɗuwa bayansa. To, amma fa mu kula da yara. Ruwan nan sanyi ƙalau ne ko a watannin zafi, igiyarsa kuwa takan taso ba zato. Kada mai kyamara ya juya wa teku baya, kada kuma a bar yaro ya hau ƙarfen don a ɗauke shi hoto.