Tsoro da Tunani a Wasannin Kwamfuta Masu Razanarwa

A shekarar 1999 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fitar da wani wasa mai suna Silent Hill domin na'urar PlayStation. Labarin wani mutum ne, Harry Mason, da yake neman 'yarsa a cikin wani gari wanda hazo ya lulluɓe. Na'urar wancan zamani ba ta da ƙarfin zana abin da yake nesa, don haka masu tsara wasan suka rufe nesan da hazo da duhu. Sai gazawar na'ura ta koma makami. Mai wasa ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku kaɗan a gabansa, kuma an rataya masa ƙaramar rediyo wadda take shiga ƙara duk lokacin da dodo ya matso. Yana jin haɗari, amma bai san ta inda zai ɓullo ba.

Wannan shi ne ginshiƙin irin waɗannan wasanni, waɗanda suke haɗa abubuwa biyu: yanayi mai sa fargaba, da kuma matsalolin wasa ƙwaƙwalwa da dole sai an warware su kafin a ci gaba. Masana aikin ƙwaƙwalwa sun nuna cewa akwai wani ɗan sashe a cikinta mai suna amigdala, wanda yake da hannu wajen gane alamun haɗari. Da zarar ya motsa, jiki yakan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tun kafin mutum ya tantance abin da ya gani. Wannan tsari bai cika damuwa da ko haɗarin na gaske ne ko na allo ba. Abin da ya fi tayar da shi kuwa shi ne rashin tabbas, domin ƙwaƙwalwa takan cike gurbin abin da ido bai gani ba da mafi munin abin da take zato.

Kamfanin Frictional Games na ƙasar Suwidin ya yi amfani da wannan sani sosai a wasansa Amnesia: The Dark Descent na 2010. Mai wasa ba shi da makami ko ɗaya. Fitila ce kawai, wadda manta yake ƙarewa, sai ƙyastu na kunna kyandir. In ya daɗe a duhu, ko ya zura wa dodo ido, hankalin jarumin yakan gushe, hoton ya riƙa karkacewa. Wato an hana shi kallon abin da yake tsoro. Akwai wani wuri a wasan inda ruwa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma a cikin ruwan akwai halittar da ba a ganinta, sai dai fantsamar takunta. Dole mai wasa ya riƙa tsalle daga akwati zuwa akwati, ya jefa wani abu nesa don ya ɗauke mata hankali, sannan ya sauka ya murɗa ƙarfen buɗe ƙofa yana jin tana dawowa. A nan matsalar da tsoron sun zama abu guda, kuma da wuya a sami inda wannan fanni ya fi haka ƙarfi. Fim ba zai iya wannan ba, saboda mai kallon fim ba shi ne yake murɗa ƙarfen ba.

Sai dai kuma a wannan haɗin ne raunin yake. Tun a 1908 masana biyu na Amurka, Robert Yerkes da John Dodson, suka yi gwaji da ɓeraye, suka ga cewa matsin lamba mai tsanani yana taimakawa wajen koyon aiki mai sauƙi, amma yana ɓata koyon aiki mai wuya. Tsoro yana ƙuntata hankali a kan abu ɗaya, alhali warware matsala tana bukatar natsuwa. Saboda haka mai tsara wasa yana tsaka mai wuya. In ya tsananta matsalar, sai mai wasa ya maƙale. A Silent Hill akwai wata fitacciyar matsala a cikin makaranta, inda ake karanta wata waƙa game da tsuntsaye don a gano maɓallan fiyano da za a danna. Wanda ya yi minti talatin yana kai da kawowa tsakanin bango da fiyano ya daina jin tsoron makarantar. Haushi ya maye gurbin fargaba. In kuwa aka sauƙaƙa, sai wasan ya koma neman makulli a wannan ɗaki don buɗe wancan.

Rauni na biyu ya fi wannan zurfi, shi ne sabo. Jijiyoyi sukan rage amsa duk abin da ya yi ta maimaituwa ba tare da ya cutar ba. Bahaushe ma ya ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Wasan Limbo, wanda kamfanin Playdead na Danmak ya fitar a 2010, misali ne mai kyau. Baƙi da fari ne kawai, wani yaro yana ratsa daji, ga tarkuna a ɓoye, ga wani ƙaton gizo-gizo. An gina shi ne a kan cewa sai yaron ya mutu ake gane yadda tarkon yake. Mutuwar farko tana girgiza mutum. Ta goma kuwa lissafi ce kawai. Daga baya, da wasan ya bar daji ya shiga masana'antu da injuna, matsalolin sun ƙara armashi amma fargabar ta ragu ƙwarai. Little Nightmares na 2017 ya gamu da wani nau'in wannan cikas: duhun da ya ƙawata shi yakan hana a gane zurfin wuri, har jarumar ta faɗo daga kan katako ba don kuskuren tunani ba, sai a sake wurin daga farko.

Masu tsarawa sun lura da haka, kuma sun nemi mafita iri-iri. Silent Hill 2 na 2001 ya ba mai wasa damar zaɓar tsananin matsaloli dabam da tsananin faɗa. A Amnesia, in jarumi ya mutu, wani lokaci akan janye dodon daga wurin don kada a saba da shi. Frictional Games ya ƙara gaba da wasansa SOMA na 2015: a 2017 ya ƙara masa wani zaɓi wanda dodanni suna nan suna yawo, ana jin motsinsu, amma ba sa iya kashe mai wasa.