Dokin da ya tsani ƙofar fili: yadda ake kwantar da hankalin dawakin tseren ganguna a Amurka

A wasannin makiyayan Amurka da ake kira rodiyo, akwai wani tsere da ƙwararru ke gamawa cikin ƙasa da sakan 20, amma yana iya cinye lafiyar doki da hankalinsa cikin ƴan shekaru. Ana jera ganguna uku a fili kamar duwatsun murhu. Mahayi ya shigo a sukwane, ya kewaya kowace ganga, ya fice ta inda ya shigo. Wanda ya ture ganga za a ƙara masa sakan 5, kuma da wuya ya ga ko sisi a wannan rana.

A matakin ƙwararru, mata ne ke riƙe da wasan. A 1948 mata 38 suka kafa ƙungiyarsu a garin San Angelo na jihar Teksas, wadda a yau ake kira WPRA. Kowane watan Disamba, mahaya 15 da suka fi tara kuɗi a kakar wasa sukan haɗu a Las Vegas, su kara dare goma a jere. A can ne Hailey Kinsel da goɗiyarta Sister suka gama zagayen cikin sakan 13.11 a 2017.

Tun da yawan kuɗin da aka ci ne ke kai mutum Las Vegas, mahaya kan kwashe watanni suna jan doki a mota daga gari zuwa gari, dubban kilomitoci. Dokin da ya fi gudu shi aka fi mora, kuma sau da yawa shi ke fara lalacewa.

Matsalar daga ƙofa take bayyana

Kafin fili akwai wani siririn lungu da doki ke bi ya ɗauki gudu. A nan ake gane dokin da ya gaji da aikin. Tun ana ɗaura sirdi gumi ke keto masa. Yana jin lasifika sai ya fara rawar ƙafa, yana cizon linzami, yana kaɗa wutsiya. An zo lungu sai ya toge, ko ya ja da baya, ko ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya. Wani kuma ya fizge da gudu tun mahayiya ba ta shirya ba.

Abin ba na wasa ba ne. Dokin tseren yakan kai kilo 500. Idan ya miƙe ya faɗo ta baya a tsakanin shingayen ƙarfe, mahayiya ce a ƙasa, kuma yawancinsu malafa suke sawa, ba hular kwano ba.

Mai kallo zai ce taurin kai ne. Masu horo kuwa sun san doki na koyo ne ta hanyar haɗa wuri da abin da ya same shi a wurin. Idan duk shigarsa lungu abin da ke biyo baya shi ne ƙaimi, bulala da zafin gaɓoɓi, to lungun kansa ya zama abin tsoro. A nan mutane da yawa ke ƙara ɓata lamarin: su sayo linzami mai kaifi, su sa wani ya bi dokin da bulala ta baya. Dokin ya shiga yau, gobe tsoronsa ya ninka.

A fara da likita

Matakin farko ba a kan sirdi yake ba. Likitar dawaki ƴar Birtaniya, Sue Dyson, ta tsara jerin alamomi 24 da doki ke nunawa idan ana hawansa da ciwo a jiki, kamar kwantar da kunnuwa baya, buɗe baki, da yawan kaɗa wutsiya. Bincikenta ya nuna cewa dokin da ya nuna takwas ko fiye, akwai yiwuwar ciwo ne ke damunsa a tsoka ko ƙashi. Da yawa daga waɗannan alamomi su ne masu doki ke kira mugun hali.

Juyi a gindin ganga yana ɗora nauyi mai yawa a kan gaɓoɓin ƙafafun baya da gadon baya, don haka nan likita ke fara dubawa. Sai haƙora, sai zaman sirdi. Akwai kuma dawakin da jini ke tsattsafo musu a huhu idan sun yi gudu mai tsanani, kuma ba kullum yake fitowa ta hanci ba, sai an zura na'ura an leƙa.

Sai gyambon ciki. Tumbin doki yana fitar da ruwan tsami dare da rana, domin an halicce shi ya wuni yana kiwo. Dokin da ke kwana a mota, ana ba shi tsaba sau biyu a rana, cikinsa babu ciyawa na sa'o'i, wannan ruwan ne ke cin bangon tumbinsa, musamman lokacin gudu. Ana maganinsa da omeprazole, irin wanda mutane ke sha, na kusan mako huɗu. Muddin ba a kawar da ciwo ba, duk horon da za a yi zuba ruwa ne a rariya.

A bar shi ya zama doki

Bayan magani sai hutu. A sake shi a makiyaya tare da wasu dawaki, a rage tsaba, a wadata shi da ciyawa da harawa. Wasu masu horo kan yi makonni ba su nuna masa ko inuwar ganga ba.

Idan aka dawo hawa, darasin farko shi ne tsayuwa. A sa ƙafa a likkafa, idan ya motsa a sauko, a sake. A hau a zauna ba tare da an nemi komai ba. Daga nan sai kilisa a daji da sakakken linzami, nesa da fili. Dokin da ya saba da ja a baki zai ɗauka sakin linzami umarni ne na gudu. Idan ya zabura, ba a ja da hannu biyu, domin hakan ƙara tayar masa da hankali yake. A karkato kansa da hannu ɗaya ya shiga da'ira, har ya rage da kansa, sai a saki nan take.

Wannan sakin shi ne dukan sirrin. Tsofaffin mahayan Amurka irin su Tom Dorrance da almajirinsa Ray Hunt sun koyar da cewa doki ba daga matsi yake koyo ba, daga lokacin da aka ɗauke matsin ne. Idan aka makara da sakan biyu, ya koyi wani abu dabam. Mahayiya ma sai ta gyara kanta, domin doki na jin ƙafar da ta ƙanƙame da numfashin da aka riƙe. Alamar an fara dacewa ita ce ya sauke wuya, ya furzar da dogon numfashi, ya tsaya yana hutar da ƙafar baya ɗaya.

Komawa fili

Mataki na ƙarshe shi ne juya ma'anar wurin da ya tsana. A yi masa aiki a waje, sannan a kai shi lungu ya huta. A can za a sassauta majayi, a sauka, a shafa wuyansa. A shiga fili da tafiya, a fita da tafiya, sau da dama, ba gudu. Idan ya yarda da haka, a kewaya ganguna a hankali, a tsaya kafin kowace ɗaya. Sai sassarfa. A kai shi gasa ya ji hayaniya ya dawo gida bai yi tsere ba. Sukuwa ce ke zuwa ƙarshe, kuma ba kullum ba, domin dokin da ya san zagayen ba ya bukatar a riƙa maimaita masa da gudu a gida.

Tarihin wasan yana da misalin abin da ake nema. Charmayne James ta ci kambun duniya tana da shekara 14 a 1984, a kan doki mai suna Scamper, suka riƙe shi shekara goma a jere har 1993. A gasar Las Vegas ta 1985, linzamin Scamper ya kwance suna shiga fili. Dokin ya ci gaba da aikinsa, ya kewaya gangunan, suka kuma zo na ɗaya a wannan dare. Ba ƙarfe a baki ne ke juya shi ba.

Gyaran yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma kowane mako na hutu kuɗin gasa ne ke wucewa. Ba kuma kowane doki ne ke dawowa ba. Wasu sukan natsu a ko'ina amma ban da lungu, sai a mayar da su korar shanu ko yawon daji. Akwai masu gajen haƙuri da ke neman allurar kwantar da hankali, wadda ke rufe alamar ta bar ciwon.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Damagaram ko Maraɗi ya san dokin da ke kumfar baki yana rawar ƙafa, jama'a na tafi. Wani ƙarfi ne da ƙoshi ke sa shi. Wani kuwa bakinsa ne ke ciwo, ko bayansa. Mai doki na gari shi ne wanda ke iya bambance su tun kafin a kai ga faɗuwa.