Madubin Faifai Ba Rumbu Ba Ne: Hattara ga Masu Naɗar Karin Harshe

Ɗalibin da ya je Babankatami, cikin gundumar Buza, ko ƙauyukan Madawa da Kaita domin naɗar maganar dattawa, yakan dawo da dukiyar da babu inda ake sayenta. Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1991, tana da siffofin da sai kunne ke kamawa: a ce "hwari" maimakon "fari", a ce "tahi" maimakon "tafi", ga kuma karin sauti da tsawon wasali waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Saboda haka idan muryar da aka naɗa ta salwanta, abin da aka kwafa a takarda ba zai maye gurbinta ba, balle idan tsohon da ya yi maganar ya riga mu gidan gaskiya.

Wata dabara da ake dogaro da ita wajen tsare irin wannan aiki ita ce madubin faifai, wadda masana kwamfuta ke kira RAID 1. Sunan RAID ya samo asali ne daga maƙalar da Patterson da Gibson da Katz na jami'ar Berkeley ta Amurka suka fitar a 1988. Ana haɗa faifai biyu, duk abin da aka rubuta a na farko sai ya sauka a na biyu nan take. Idan ɗaya ya lalace, ɗayan ya ci gaba da aiki. Iyakar amfanin dabarar ke nan.

Matsalar ita ce madubi ba ya zaɓe. Idan aka goge fayil bisa kuskure, ya gogu a wuri biyu cikin ƙiftawar ido. Haka ma idan ƙwayar cutar kwamfuta ta shiga, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu har fayil ya gurɓata. Bugu da ƙari, faifan biyu suna cikin akwati guda, suna shan zafin bazara da ƙurar hunturu tare, kuma ɓarawo ko gobara ba za su bar ɗaya ba. Haɗari mafi muni yakan zo ne lokacin da ake sake haɗa madubin bayan an canza faifai: idan aka rikita wanne ne tushe, sai a shimfiɗa sabon da babu komai a kansa bisa tsohon mai ɗauke da aikin shekara. A watan Disamba na 2008, kamfanin JournalSpace na Amurka ya durƙushe domin madubi kaɗai ya dogara da shi, kuma bayanansa sun shafe a faifan biyu lokaci ɗaya.

To, idan ta riga ta faru fa? A faifai mai juyawa, goge fayil ba ya nufin bayanan sun tafi nan da nan. Sunansa kawai aka cire daga jerin sunaye, aka ba da wurinsa ga duk mai zuwa. Don haka matakin farko shi ne a daina amfani da faifan ɗungurungum, domin kowane sabon rubutu na iya hawa kan abin da ake nema. Naɗi marar matsi yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, wato hira ta awa guda ta mamaye fili mai faɗi wanda ke saurin takuwa. Mataki na biyu, a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya a kan wani, a yi aikin ceto a kan hoton. Manhajojin TestDisk da PhotoRec, waɗanda Bafaranshe Christophe Grenier ya ƙirƙira, kyauta ne. Sai dai PhotoRec ba ya dawo da sunayen fayiloli, kuma wannan babbar wahala ce ga mai aiki da ELAN, tunda fayil ɗin sharhi da suna yake neman muryarsa. Faifan SSD kuwa yakan share gurbin da kansa, ceto ya yi wuya ƙwarai. Wanda kuma ya fara ƙara yana ƙas-ƙas, kashe shi za a yi a kai wa gwani.

Rigakafi ya fi magani. Ƙa'idar da aka sani da 3-2-1 ta ce a mallaki kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ya kamata a riƙa cire faifan ajiya daga kwamfuta bayan kwafi, a kuma gwada buɗe abin da aka adana lokaci zuwa lokaci. Kada a goge katin na'urar naɗi sai kwafi uku sun tabbata. Da zarar aiki ya kammala, bisa yardar waɗanda aka naɗa, a nemi miƙa shi ga cibiya mai ɗorewa, irin su CELHTO ta Yamai ko taskar Pangloss ta Faransa, domin na baya su ji Adaranci daga bakin masu shi.