Karkacewar ƙashin baya: Lalurar da ke ɓuya a ƙarƙashin hijabi

Sau da yawa tela ne ke fara lura. Zai auna yarinya ɗinkin Sallah, ya ga rigar ta zauna daidai a kafaɗa ɗaya, ta zame a ɗaya, ya warware ya sake ɗinki, abin ya ƙi. Laifin ba na tela ba ne: ƙashin bayan yarinyar ne ya fara lanƙwasa zuwa gefe, lalurar da likitoci ke kira sikoliyosis.

A garuruwa irin su Sabon Birni da ke ƙaramar hukumar Gwarzo, ko Kabo, da zarar yarinya ta kai shekara 10 ta daina wanka a gaban uwa, kuma hijabi ya rufe ta har gwiwa. Wannan kuwa shi ne lokacin da lalurar ta fi kunno kai, wato daga shekara 10 zuwa lokacin da tsayi ya tsaya. Tana samun kusan yara 2 zuwa 3 cikin 100, kuma ta fi tsananta a jikin 'yan mata. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne yawanci ba ta da zafi a farko.

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu ita, likitoci ba su gano musabbabinta ba, sai dai an san takan bi jini. Ɗaukar farantin talla, ko jakar makaranta mai nauyi, ko zama a karkace, na iya jawo ciwon baya, amma ba su ke murɗa ƙashin ba. Sauran kuwa, wasu da ita ake haifarsu, wasu kuma raunin jijiyoyi ne ke jawo musu, kamar waɗanda shan inna ta taɓa. Kano ta ga mai shan inna na ƙarshe daga ƙwayar cutar ta asali a 2014, amma waɗanda ta kama kafin nan suna nan cikinmu, kuma bayan wasunsu na ci gaba da lanƙwasa.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko kwabo. Uwa ta shiga ɗaki da 'yarta, ta sa ta cire mayafi, ta haɗa ƙafafu, ta sunkuya kamar mai ruku'u, hannuwa na reto. Uwar ta tsaya ta baya ta duba. Idan haƙarƙarin gefe ɗaya ya ɗara ɗayan tudu, ko allon kafaɗa ɗaya ya fi fitowa, to a nufi asibiti. Wani likitan Ingila, William Adams, ne ya bayyana wannan gwaji tun 1865.

A asibiti hoton ƙashi ake ɗauka a auna kusurwar lanƙwasar. Daga digiri 10 ake kiranta lalura. Ƙasa da 25, sa ido kawai ake yi, ana maimaita awo bayan 'yan watanni. Daga 25 zuwa 40, in yaro na kan girma, ana ƙera masa rigar roba mai tauri da za ta riƙe bayan. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka sa rigar ba su kai matakin tiyata ba, alhali cikin waɗanda ba su sa ba kashi 48 ne suka tsira. Gaskiya sa irin wannan riga mafi yawan sa'o'in yini a zafin bazarar Kano ba wasa ba ne, amma ya fi tiyata sauƙi nesa ba kusa ba. Idan ta haura digiri 45 zuwa 50, sai aikin ɗaure ƙashin da ƙarafa, mai tsadar da ta fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci.

Wajibi ne a bambanta wannan da ƙusumbi, inda baya ke yin doro. A ƙasarmu babban sanadinsa shi ne tarin fuka da ya sauka a ƙashin baya, ya cinye shi har ya rufta. Alamominsa ciwon baya mai naci, zazzaɓin yamma, gumin dare da rama, kuma ba lallai a yi tari ba. Idan aka yi sake, yakan danne laka, ƙafafu su shanye. Nan ne masu ɗori da wanzamai ke cinye lokaci da matsa da ƙaho da sakiya. Mai ɗori na da gwanintarsa a karayar hannu, amma ba ya kashe ƙwayar cuta a cikin ƙashi. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma na ƙashin baya yakan ɗauki shekara guda ana sha ba fashi.

Manya ma ba su tsira ba. Zaizayar ƙashi da gurunguntsi kan karkatar da bayan dattawa, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada.

Ga mutanen yammacin Kano, matakin farko shi ne Babban Asibitin Gwarzo ko wani mafi kusa, daga nan a tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da sanyin ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, kada ya jira ranar kasuwa ta wuce, a ranar ya kamata a kai shi.