Sauri da Amana a Rumbunan Bayanai: Misali Daga Kano

Matafiyin da ya tsaya gaban mai POS a tashar Unguwa Uku aka ce masa "ba sabis", an cire kuɗi a asusunsa ba su iso ba, yakan ɗora laifin a kan 'yar na'urar da ke hannun yaron. Alhali wani lokaci matsalar tana can nesa, a cibiyar adana bayanai. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa sauri da amana, watau abubuwa biyun da ake nema wurin irin wannan cibiya, ba kullum suke tafiya tare ba.

A manyan cibiyoyi, kwamfutocin da ke aiki daban suke, rumbun faya-fayan da ke riƙe bayanai ma daban. Abin da ke haɗa su shi ne wata saƙar wayoyin gilashi da aka keɓe don wannan aiki kaɗai. Fitaccen tsarinta shi ne Fibre Channel, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a Amurka a 1994, kuma a yau yana ɗaukar gigabit 32 ko 64 a daƙiƙa guda. Don gudun yankewa, akan yi wa kowace kwamfuta hanya biyu zuwa rumbu, a kuma rarraba bayani ɗaya a faya-faya da yawa, ta yadda mutuwar faifai guda ba za ta jawo hasara ba.

To amma idan gobara ta cinye ginin baki ɗaya fa? Sai a nemi rumbu na biyu a wani gari. Kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da cibiya a Abuja, sa'annan a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata a Kano. A nan ne lissafi yake shigowa. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Tsakanin biranen biyu kuwa ya haura kilomita 400 ta hanyar mota, saboda haka zuwa da dawowar saƙo zai ci kashi huɗu ko fiye. Mai karatu zai ce ai wannan bai kai ƙiftawar ido ba. Gaskiya ne, sai dai rumbun zamani yana amsawa a ƙasa da kashi ɗaya. Idan dole ne kowane rubutu ya jira shaidar cewa kwafinsa ya isa ɗaya garin, aiki ya yi nauyi ke nan. Idan kuma aka bar kwafin ya biyo baya, sauri ya samu, amma ranar da masifa ta auku, bayanan daƙiƙoƙin ƙarshe sun salwanta. A ganina, inda kuɗin talaka ko albashin ma'aikaci yake ciki, jinkirin ya fi sauƙin ɗauka.

Hanya biyun ma sai an lura da inda suka bi. A watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankunan Nijeriya ta yi ta tangarɗa, domin wayoyin da ake zaton kowace madadin 'yar'uwarta ce, ashe a yanki ɗaya aka shimfiɗa su.